Me Ya Sa Wanda Ya Tafi Ya Dawo Yake Fin Wanda Ya Zauna Albashi?

A wuraren aikin kwamfuta akwai wani al'amari da ke ɗaure wa mutane kai. Ma'aikata biyu za su shiga kamfani rana ɗaya, da ilimi ɗaya, a kan albashi ɗaya. Na farko ya zauna ya riƙe amana, shekara huɗu bai ko leƙa wata ƙofa ba. Na biyu ya ajiye aiki bayan shekara biyu, ya yi ɗan zama a wani wuri, sai ga tsohon kamfaninsa ya aiko masa da saƙon ya dawo. Ranar da suka sake haɗuwa a ofis ɗaya, wanda ya tafi ya dawo shi ne mai albashi mai tsoka, wani lokaci ma shi za a ɗora a kan wanda ya zauna.

Ga wanda ya tashi a ƙasar Kazaure, wannan abu ya saɓa wa duk abin da aka koya masa game da aiki. An koya mana cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma wanda ya daɗe a gidan ubangida shi ke cin moriyar daɗewarsa. Ina so in bayyana dalilin da ya sa wannan lissafi ba ya aiki a kasuwar masu rubuta manhaja, da lokacin da tafiya take biya, da lokacin da take zama asara. Zan jingina da Indiya, domin a can ne aka ga abin tun daga hawansa har zuwa saukarsa cikin shekara huɗu kacal.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure tare da haɗin gwiwar wani kamfanin ilimi na Singafo, wadda har gobe mutane ke kira Informatics. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin garin. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Wato wannan kusurwa ta arewa maso yammacin Jigawa, wadda aka sani da noman gero da dawa da tafiya cin rani, ta shafe sama da shekara 20 tana yaye matasan da sana'arsu ita ce kwamfuta. Mafi yawansu ba sa samun aiki a gida. Suna bin hanyar Dambatta su gangara Kano, ko su wuce Dutse, Abuja da Legas. An koya musu rubuta manhaja da haɗa na'urori, amma babu darasin da ya koya musu yadda ake yanke farashin aikinsu.

Ni ma ta wannan hanya na bi. Bayan karatu a Kazaure na sami aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano da ke yi wa makarantu da asibitoci masu zaman kansu manhajar adana bayanai. Mu biyu aka ɗauka a mako guda, ni da wani abokina ɗan Roni wanda ya fi ni hannu a aikin, kuma kowa a ofishin ya san haka. Duk shekara akan yi mana ɗan ƙari wanda bai wuce kuɗin mota ba. A shekara ta uku wani kamfani a Abuja ya yi mini tayi, na ba da sanarwar wata guda, na miƙa duk abin da ke hannuna a rubuce, na tafi. Ban cika shekara biyu ba mai kamfanin Kano ya kira ni. Ya sami babban kwantiragi, yana bukatar wanda ya san tsohuwar manhajar ciki da bai. Albashin da ya ambata ya kusa ninka na abokina, wanda bai taɓa motsawa ba, kuma shi ya riƙe kamfanin duk tsawon lokacin da ba na nan.

Da abokin nawa ya ji, bai yi mini hassada ba. Abin da ya ce shi ne: “Ashe laifina zama.” Wannan magana ta daɗe tana yi mini nauyi, ita ce kuma ta sa na shiga bincike a kan ko mugunta ce ta mutum ɗaya ko kuwa haka tsarin yake.

Tsarin ne, kuma ga yadda yake aiki. A kamfani akwai farashi iri biyu. Akwai farashin wanda ke ciki, wanda ake lissafa shi daga albashinsa na bara, a ɗora masa kashi kaɗan cikin ɗari. Akwai kuma farashin wanda ake nema daga waje, wanda kasuwa ke yankewa a ranar da ake nemansa. Idan bukatar ma'aikata ta yi yawa, farashin waje yana gudu, na ciki yana rarrafe. Mai kamfani ya san cewa idan ya ɗaga albashin mutum ɗaya na ciki, sauran za su ji, dole ya ɗaga na kowa. Amma idan ya biya baƙo da tsada, kuɗin mutum ɗaya ne. Saboda haka ya fi masa sauƙi ya bar na ciki a inda suke har sai ranar da wani ya ajiye masa takarda a kan tebur.

Wanda ya tafi ya dawo kuwa yana cin riba biyu. An saye shi a farashin waje, alhali yana da ilimin ɗan gida. Ba sai an yi wata shida ana koya masa inda kowane abu yake ba, ya san halin abokan ciniki, ya san ɓarakar da ke cikin manhajar domin wata ma shi ya rubuta ta. Bahaushe ya san irin wannan a wani fagen: wadda ta yi yaji aka je biko takan dawo da sharuɗɗan da mai haƙurin zama ba ta taɓa samun bakin faɗa ba.

Indiya ta nuna wannan a kan miliyoyin mutane. Masana'antar fasahar sadarwa ta ƙasar tana ɗauke da ma'aikata sama da miliyan 5, kuma manyan kamfanoninta, irin su TCS da Infosys da Wipro, suna rayuwa ne a kan yi wa bankuna da kamfanonin Amurka da Turai aikin manhaja daga Bangalo, Haidarabad, Pune da Chennai. A 2022 TCS kaɗai ya haura ma'aikata 600,000. Mu a nan ba baƙin wannan duniya ba ne. Da yawa daga cikinmu sun bi ta cibiyoyin NIIT da Aptech, waɗanda asalinsu na Indiya ne, kuma kusan duk wanda ya koyi rubuta manhaja a wayarsa ya sha darasi daga malaman Indiya a YouTube.

Da annobar korona ta rufe duniya a 2020, kamfanoni suka ruga mayar da harkokinsu kan intanet, kuɗin ruwa a Amurka ya yi ƙasa sosai, aiki ya yi wa kamfanonin Indiya yawa fiye da hannayen da suke da su. Sai aka shiga wawar ma'aikata. A tsakiyar 2022 Infosys ya bayyana cewa kashi 28.4 cikin ɗari na ma'aikatansa sun ajiye aiki da kansu cikin wata 12, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane huɗu. A TCS adadin ya kai kashi 21.5 a ƙarshen watan Satumba na shekarar. Wanda ya zauna yakan sami ƙarin da galibi bai kai kashi 10 ba. Wanda ya sauya wuri yakan sami kashi 30 ko 50, wasu ma ninki. Da yake manyan kamfanonin can sukan ɗora wa ma'aikaci wa'adin wata uku kafin ya tafi, mutum yakan yi amfani da wannan lokaci ya tara tayi uku ko huɗu, yana nuna wa wannan takardar wancan. Kamfanoni kuma suka buɗe ƙofa ga tsofaffin ma'aikatansu, suna bikon waɗanda suka tafi da albashin da suka hana su lokacin da suke ciki.

Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, iska ta juya. A watan Nuwamba Meta ya sallami mutum 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma ya sanar da 18,000. Da masu ba da kwantiragi suka tsuke bakin aljihu, zafin ya isa Indiya. Tun a Satumbar 2022 Wipro ya kori ma'aikata 300 da ya samu suna yi wa abokan hamayyarsa aiki a ɓoye. A farkon 2023 kamfanin ya nemi wasu sababbin ɗauka da ya yi wa alkawarin rupi 650,000 a shekara su karɓi 350,000 idan suna son fara aiki da wuri. Ɗalibai da dama sun riƙe takardar ɗaukar aiki sama da shekara ba a kira su ba. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2024 ma'aikatan Infosys sun ragu da kusan 26,000, masu ajiye aiki kuma suka sauko zuwa wajen kashi 12 da ɗoriya a Infosys da TCS. A Yulin 2025 TCS ya sanar da cewa zai rage kimanin mutum 12,000, mafi yawansu masu matsakaici da babban matsayi.

Waɗanda suka yi tsalle a 2021 sun more. Waɗanda suka yi tsalle a ƙarshen 2022 da yawa sun sauka a kan ƙaya, domin wanda ya shigo ƙarshe da albashi mafi tsada shi ake fara dubawa ranar rage ma'aikata. Da suka koma ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, wasu an karɓe su a kan abin da suka bari, wasu a ƙasa da haka, wasu ba a amsa musu ba. Biko da roƙon kome ba ɗaya ba ne. A na farko kai ake nema, kai ke faɗin farashi. A na biyu kai ke nema, abin da aka ba ka shi za ka karɓa.

Akwai wani abu da bai motsa ba a duk wannan hawa da sauka, shi ne albashin sabon shiga. Sama da shekara 10 manyan kamfanonin Indiya suna ɗaukar sabon mai digiri a kan rupi 300,000 zuwa 400,000 a shekara, alhali farashin kaya yana hawa. Dalilin a fili yake: kwalejojin injiniya na ƙasar suna yaye dubban ɗaruruwa duk shekara, kowa da takarda iri ɗaya. Inda masu abu ɗaya suka yi yawa, mai saye ke da baki. Duk manomin tumatir a Kazaure ya san haka a lokacin da kowa ya kai kwandonsa kasuwa rana ɗaya. Ƙirƙirarriyar basira, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ta ƙara matse wannan mataki, domin ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga su ne na'ura ta fi saurin yi.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma mun ɗanɗana. A Satumbar 2019 kamfanin Andela ya sallami kimanin ƙananan masu rubuta manhaja 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, yana mai cewa abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. A 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas. Sai dai halin da muke ciki ya bambanta da na Indiya ta fuska uku, kuma wajibi ne ɗan Kazaure ko Gwiwa ya san su kafin ya rubuta takardar murabus.

Na farko shi ne naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Mai albashin naira 200,000 da ke daidai da dala 430 da 'yan kai ya wayi gari albashinsa bai kai dala 140 ba, alhali kwamfutarsa da wayarsa da batirin solarsa duk da dala ake shigo da su. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, wanda ya zauna yana karɓar ƙarin kashi 10 a shekara rage masa albashi ake yi, ko da lambar da ke shiga asusunsa ta ƙaru. Don haka farashin zama a nan ya fi na Indiya tsada. Shi ya sa duk wanda ya sami aikin da ake biya da dala daga nesa ba ya waiwaye, kuma ƙananan kamfanonin Kano ba su da abin da za su riƙe shi da shi.

Na biyu shi ne ƙanƙantar kasuwa. A Bangalo mutum zai bar wannan bene ya shiga na gaba, babu wanda ya san shi. A Kano da Dutse masu ɗaukar ma'aikatan kwamfuta ana iya ƙirga su, kuma sun san juna, suna haɗuwa a ɗaurin aure da ta'aziyya. Wanda ya ɓace da kalmar sirri ta kamfani a aljihunsa, ko ya bar aiki a tsakiya ya kashe waya, labarinsa zai riga shi isa duk ofishin da ya nufa, har ma ya isa gidan surukansa. A nan sunan mutum shi ne rabin jarinsa.

Na uku shi ne aikin gwamnati. Babban mai ɗaukar 'yan kwamfuta a yankinmu har yanzu gwamnati ce, ta jiha ko ta tarayya, da makarantunta. A can albashi yana bin mataki da daɗewa, ƙwarewa ba ta sauya lambar sosai, kuma ƙarin gaske yakan zo ne idan an ɗaga mafi ƙarancin albashi, kamar yadda ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024. Babu biko a wannan gida. Wanda ya yi murabus gurbinsa ya tafi, masu jiran sa sun yi layi. Saboda haka lissafin ma'aikacin gwamnati daban ne da na ma'aikacin kamfani, kuma shawarar da ta dace da ɗaya tana iya cutar da ɗayan.

A ganina tushen ruɗanin yana cikin abin da muka gada daga kasuwa. A Kantin Kwari ko Singa, yaro yakan shekara bakwai ko goma a shagon ubangidansa ba tare da albashin kirki ba. Yana haƙuri ne domin akwai alkawari a ƙarshen hanya: ranar sallama za a ba shi jari, a haɗa shi da masu ba da kaya bashi, wataƙila ma a yi masa aure. Daɗewarsa ajiya ce da ake tara masa. Matasanmu suna shiga kamfani da wannan zuciya, suna ɗaukar mai kamfani a matsayin ubangida, suna jin nauyin tambayar ƙari, suna ganin neman wani aiki kamar cin amana ne. Amma a kamfani babu ranar sallama da jari. Abin da ya shiga asusunka a ƙarshen wata shi ne duka cinikin. Abin takaicin shi ne wasu masu kamfanonin sun san da wannan kunya, suna karɓar biyayyar yaron gida suna biyan kuɗin ɗan ƙwadago. Wanda yake son a yi masa biyayyar ubangida, to ya yi sallamar ubangida: ya ba tsofaffin ma'aikatansa kaso a ribar kamfani, ko ya daidaita albashinsu da na kasuwa tun kafin su ajiye takarda.

Ga ƙannenmu da ke karatu a Kazaure da Babura, ga abin da na fahimta daga duk wannan.

Ka san farashinka ko ba ka da niyyar tafiya. Sau ɗaya a shekara ka tambayi abin da ake biyan mai irin aikinka a wasu wurare, ka je da wannan sani wurin mai kamfani cikin ladabi. Abokina ɗan Roni daga baya haka ya yi, da takardar tayi daga wani wuri a hannunsa, kuma a cikin mako guda aka sami kuɗin da shekara biyar ana cewa babu.

Kada ka ajiye aiki a kan alkawarin baki. Indiyawan da suka riƙe takarda a hannu ma sun yi zaman jira, balle wanda aka ce wa “ka zo kawai, za mu daidaita.” Ka dubi kuma inda kuɗin sabon wurin ke fitowa. Kamfanin da ke rayuwa da kuɗin abokan ciniki daban yake da wanda ke cin kuɗin masu zuba jari, wanda ranar da suka ɗauke hannu sai a rufe ofis.

Ka karanta takardar ɗaukarka aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tsara wa'adin sanarwa daga kwana ɗaya zuwa wata ɗaya gwargwadon daɗewa, amma ma'anar ma'aikaci a cikinta ba ta haɗa da masu aikin ƙwarewa da na gudanarwa ba, saboda haka abin da ka sa wa hannu shi ne zai yi hukunci a tsakaninku. Idan kamfaninka yana cikin tsarin fansho na dokar 2014, asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, kuma kashi 8 da ake cira daga albashinka da kashi 10 na mai kamfani haƙƙinka ne ka tabbatar suna shiga.

Ka mallaki abin da ba kowa ke da shi ba. Takardar shaida tana shigar da kai layi ne kawai. Abin da ke sa a yi bikonka shi ne ka san wani fanni har ƙasansa, kamar tsaron bayanai ko tsarin biyan kuɗi, ko ka haɗa kwamfuta da sanin wata harka ta gida, irin lissafin asibiti ko cinikin hatsi da dabbobi a kasuwannin kan iyaka.

Idan kuma tafiyar ta kama, ka yi sallama irin ta ɗan cin rani. Mutumin Gwiwa da zai tafi kudu bayan kaka ba ya ƙona rumbunsa. Yakan gyara danga, ya damƙa awakinsa a hannun amintacce, ya biya bashin mai shago, ya bi gida-gida ya yi ban kwana, domin ya san damina za ta dawo da shi. Ka cika wa'adinka, ka rubuta duk abin da wanda zai gaje ka yake bukata, ka miƙa kalmomin sirri, ka gode wa wanda ya fara ba ka dama. A kasuwar da ke hawa da sauka cikin shekara huɗu, babu wanda ya san ranar da zai bukaci tsohuwar ƙofa, ko ranar da masu ƙofar za su bukace shi.